Wutar da Take Ɓacewa a Hanya Kafin Ta Iso Gidajenmu

A yawon da muke yi cikin ƙauyuka akwai wani kuka da muke ji kusan duk inda aka kai wutar lantarki. Ɗauke wuta dai kowa ya saba da shi. Kukan da muke nufi shi ne na ranar da aka kawo wutar amma ba ta da ƙarfi. Da yamma ƙwan fitila ya yi ja kamar garwashi, fanka tana juyawa kamar mai jin barci, firjin ɗakin shan magani inda ake ajiye allurar rigakafin yara yana ta gurnani amma ba ya sanyi. Gidajen da ke kusa da taransfoma suna da haske, na ƙarshen layi kuwa sun koma wa tocila. Bayan 'yan watanni sai a ji taransfomar ta ƙone, a sake kiran taro, a sake yin karo-karo, har gwauraye da tsofaffi su sayar da kaji su biya nasu kason.

Yawancinmu mukan ce ai wutar ce aka aiko kaɗan. Akwai gaskiya a nan, gama a 2024 abin da ake rabawa a dukan Nijeriya yakan tsaya tsakanin megawat 4,000 da 5,000 ne kawai. Amma cikin ɗan abin da aka aiko ma, wani kaso yana ɓacewa a kan wayoyin da ke bisa kanmu. Yadda aka shirya wayoyin nan shi ke nuna ko ɓatan zai yi yawa ko zai yi kaɗan, kuma a wannan shirin mutanen ƙauye suna da ta cewa fiye da yadda suke tsammani.

Ina wutar take zuwa?

Wutar da muke kunnawa tana yin doguwar tafiya. Wata daga madatsar ruwa ta Kainji take fitowa, wadda ta fara aiki a 1968, wata daga Jebba, wata daga Shiroro da aka buɗe a 1990, mafi yawa kuwa daga tashoshin iskar gas da ke kudancin ƙasa. Manyan turakun ƙarfe da muke gani a daji suna ɗauke da ita da ƙarfin bolt 330,000 ko 132,000. Idan ta kusa gari sai a sauke ta zuwa bolt 33,000 ko 11,000. Taransfomar ƙauye ita ce take yin saukewar ƙarshe, zuwa bolt 415 tsakanin layi da layi, wato kusan bolt 230 zuwa 240 a soket ɗin ɗaki.

Mu ɗauki wuta kamar ruwa a cikin tiyo na noman rani. Bolt shi ne ƙarfin da ke tura ruwan. Amfiya kuma ita ce yawan ruwan da ke gudu a cikin tiyon. Babu wayar da ke barin wuta ta wuce kyauta. Kowace waya tana ɗan tare ta, sai wani abu daga wutar ya zama zafi ya bi iska. Wanda ya taɓa riƙe wayar dutsen guga bayan an daɗe ana aiki da shi ya ji ɗumin da muke magana a kai. Wannan ɗumi wuta ce da aka biya kuɗinta amma ba ta yi wa kowa aiki ba.

Wani Baturen Ingila mai suna James Joule ya auna wannan zafi wajen 1840, ya gano wani abu da ya kamata kowane ɗan kwamitin wuta ya riƙe a kansa. Idan amfiyar da ke bin waya ta ninka sau biyu, asarar tana ninkawa sau huɗu. Idan ta ninka sau uku, asarar ta zama sau tara. Ku tuna da ƙofar majami'a bayan an tashi. Mutum goma za su fita babu wanda ya taɓa wani, amma idan ɗari suka taso a lokaci ɗaya sai turereniya da zufa.

Wannan ne dalilin da ya sa ake ɗaga bolt don doguwar tafiya. Idan bolt ya hau, amfiyar da ake bukata don kai wuta iri ɗaya takan sauka. Wutar da za a kai ta wata waya da bolt 415, in aka kai ta ta wannan wayar da bolt 11,000, asarar za ta ragu kusan sau 700. Saboda haka babbar ɓarna ba a kan manyan turakun daji take ba. Tana cikin layin ƙarshe, daga taransfoma zuwa ƙofar gida, inda bolt ya yi ƙasa, amfiya ta yi yawa, waya kuma ta fi siranta.

A Amurka abin da ke ɓacewa tsakanin tasha da gida kusan kashi 5 ne cikin 100. A Nijeriya hukumar NERC mai sa ido kan harkar wuta tana haɗa asara iri uku wuri ɗaya: wadda ta zama zafi a waya, wadda aka sha ba a rubuta ba, da kuɗin bil da ba a biya ba. Rahotanninta na 2024 sun nuna jimlar ta wuce kashi ɗaya cikin uku. Manomin da buhu ɗaya cikin uku ke zubewa kafin ya kai kasuwa, sai dai ya tsawwala wa mai saye ko ya kasa gyara amalankensa. Haka ma kamfanonin rarraba wuta goma sha ɗaya da aka fara miƙa wa 'yan kasuwa a Nuwamba 2013.

Inda aka kafa taransfoma

Injiniyoyi suna da wani fanni na lissafi da aikinsa shi ne neman tsari mafi kyau cikin tsare-tsare masu yawa. Ana ba shi abin da ake so a rage, wato asara, da iyakokin da ba za a ƙetare ba, kamar kuɗin da ke hannu da nauyin da waya za ta iya ɗauka. Sunan yana da ban tsoro a littattafai, amma tambayarsa ta farko tambayar ƙauye ce: a ina za a ajiye taransfoma?

A ce gidaje suna jere a kan hanya guda, kowane gida yana shan wuta kamar maƙwabcinsa. Idan aka kafa taransfoma a bakin gari, dukan wutar garin za ta bi waya ɗaya tun daga farko, tana raguwa har ƙarshe. Idan aka kafa ta a tsakiya, rabi ya yi gabas, rabi ya yi yamma, kowane rabi kuma tafiyarsa ta ragu da rabi. Lissafi ya nuna asarar takan koma kashi ɗaya cikin huɗu na yadda take a da. Faɗuwar ƙarfin wuta a gida na ƙarshe ma haka. Ba a ƙara sayen taransfoma ba, wuri kawai aka canja.

A nan dole mu faɗi laifinmu. Shekarun baya mun taimaka wa wata al'umma da aikin jawo wuta. Wani dattijo ya ba da fili kyauta a bakin titi, wurin kuma yana kusa da babban layi, zai rage mana sayen falwaya. Muka yi murna, muka karɓa, muka rubuta a rahoto cewa an yi tanadin kuɗi. Ba mu ƙirga cewa yawancin gidaje da injinan niƙa suna can ƙasa wajen kasuwa ba. Tun daga shekarar farko mutanen ƙasan gari suke fama da jan ƙwai, suna kuma biyan kuɗi daidai da na bakin titi. Maganar ta kusa raba garin biyu. Falwayar da muka ƙi saye a lokacin, an biya kuɗinta sau da yawa a sitabilaiza da injinan da suka ƙone.

Mun ga inda aka kafa taransfoma a ƙofar mai unguwa don girmamawa, mun ga inda aka kafa ta inda mai ba da kyauta zai riƙa ganinta daga mota. Girmamawa abu ne mai kyau, amma wuta nauyi take bi. Wurin da ya dace shi ne tsakiyar masu shan wuta da yawa, ko da ba shi ne tsakiyar gari a ido ba.

Girmanta ma abin lissafi ne. Waɗanda aka fi gani a ƙauyukanmu su ne masu lamba 100, 200, 300 da 500. Ƙarama ga babban gari za ta yi zafi ta ƙone. Babba ga ƙaramin gari ita ma tana da nata ci, domin ƙarfen da ke cikin taransfoma yana shan wuta dare da rana muddin tana haɗe, ko babu wanda ya kunna komai. A Indiya, a jihar Andhra Pradesh da wasu wurare, an bi wata hanya dabam: aka riƙa kai layin bolt 11,000 har kusa da gonaki, aka rataya ƙananan taransfomomi masu lamba 16 ko 25 a kan falwaya, kowace tana ba famfunan ban ruwa kaɗan. Layin ƙarshe ya gajarta, asara ta ragu, in ɗaya ta lalace kuma ba dukan gari ne ke shiga duhu ba. Kuɗin farko dai yana da yawa.

Layi uku da ba a raba daidai ba

Wannan shi ne gyaran da ya fi arha, kuma shi ne aka fi yin sakaci da shi. Daga taransfoma wayoyi huɗu ke fitowa: ja, rawaya, shuɗi, da ta huɗu da masu wayarin ke kira nutural, wadda wuta ke komawa ta cikinta. Gida yakan ɗauki ɗaya daga cikin ukun tare da ta huɗun. Abin da ake so shi ne layukan uku su ɗauki nauyi daidai, kamar duwatsun murhu. In ɗaya ya fi tsawo tukunya za ta karkace.

Ga misali da lissafi. A ce gari yana jan amfiya 150. In an raba 50, 50, 50, muka ninka kowace lamba da kanta muka tara, za mu sami 7,500, waya ta huɗu kuma kusan hutawa take yi. In kuwa ja ya ɗauki 90, sauran biyun 30 da 30, jimlar ta zama 9,900. Bayan haka amfiya 60 za ta koma ta waya ta huɗu, ta ƙara 3,600 in kaurinta ɗaya da sauran. Duka 13,500 ke nan. Gidajen ba su ƙaru ba, fitilun ba su ƙaru ba, amma zafin da ke bin iska ya kusa ninkawa biyu, ɓangare ɗaya na taransfoma kuma yana ta dahuwa.

Yaya nauyin yake karkacewa? Mai wayarin yakan maƙala sabon gida a wayar da ta fi sauƙin kaiwa daga tsani. Sa'an nan akwai al'adar canja layi. Gidan da ke da hali ya jawo layi uku, da ya ga wanda yake kai ya yi rauni sai ya zare fiyus ya koma wanda ya fi haske. Maƙwabta su ma su yi haka. Cikin rabin awa layin mai haske ya zama mai ja. Kowa ya yi wa kansa dabara, gari kuwa ya yi hasara. Ma'aikacin wuta yana da ɗan awo mai baki kamar ƙaguwa da ake maƙalawa a waya ya nuna amfiya. In ya auna layukan uku da ƙarfe bakwai ko takwas na dare, lokacin da kowa ya kunna, zai san gidaje nawa za a ɗauke daga wannan layi zuwa wancan. Aikin yini ɗaya ne. Muna roƙo da babbar murya, kada wani matashi ya hau falwaya don ya yi wannan da kansa. Wutar da ba ta isa ta kunna fanka ba ta isa ta kashe mutum.

Kaurin waya da injin niƙa

Waya mai kauri biyu tana tare wuta rabin yadda siririya take yi. To, me zai hana a sa mafi kauri ko'ina? Kuɗi. Tun 1881 wani masani ɗan Birtaniya, Lord Kelvin, ya ba da amsa: kaurin da ya fi riba shi ne inda kuɗin da ƙarin kaurin ke ci a shekara ya yi daidai da kuɗin wutar da ke ɓacewa a shekara. Ɗan kwangilar da ya rubuta waya mai lamba 100 a takarda ya rataya mai lamba 50 ya ci ribarsa rana ɗaya, gari kuma zai biya shekara ashirin. Mahaɗar waya da aka murɗa da hannu, musamman inda aka haɗa jan ƙarfe da alminiyom, takan ci tsatsa ta yi zafi. In kun ga wuri yana ja ko tartsatsi a kan falwaya da dare, ku kai rahoto.

Injin niƙa mai aiki da lantarki, da famfon rijiyar burtsatse, da injin walda, suna da wani hali. Ban da wutar da suke ci su yi aiki, suna aron wata don su yi maganaɗisu a cikinsu, su mayar, su sake ara, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Kamar matar da ke aron turmi a ƙarshen gari, ta daka mudu ɗaya ta mayar, ta sake komawa ta ɗauko. Turmin bai ragu ba, amma hanya ta sha sawu. Kafasita, babbar 'yar'uwar wadda ake canjawa in fanka ta yi sanyi, ita ce ajiye turmi a gida. Injiniyoyi suna auna wannan hali da lamba daga sifiri zuwa ɗaya. In aka ɗaga lambar inji daga 0.7 zuwa 0.95, asarar da yake jawowa a waya takan ragu da kusan rabi. Akwai ma tsohuwar ƙa'ida ta 1956 don layin da nauyinsa ya bazu daidai: a sa kafasita mai kashi biyu cikin uku na abin da ake bukata, a wurin da ya kai kashi biyu cikin uku na tsawon layin.

Inda kwamfuta take shigowa

A ƙauye ɗaya mutum zai iya yin lissafin nan da biro. A layin bolt 11,000 da ke ciyar da garuruwa da yawa abin ya fi ƙarfin kai. Irin wannan layi yana da makunnai a wurare dabam dabam. In aka buɗe wannan aka rufe wancan, sai wata unguwa ta koma shan wuta ta wata hanya da ta fi kusa ko ta fi sauƙin nauyi. A 1989 malamai biyu a Jami'ar Kalifoniya, Mesut Baran da Felix Wu, suka wallafa wani layin gwaji mai mahaɗa 33 wanda ɗaliban injiniya a duniya suke gwada dabarunsu a kansa har yau. Yana ɗauke da nauyin kilowat 3,715, yana kuma asarar kusan kilowat 203. Hanyoyin da za a iya shirya makunnansa sun kai 50,751. Masu bincike da suka biyo baya sun gano mafi kyau a cikinsu, wadda ta sauke asarar zuwa kusan kilowat 140. An rage kusan kashi ɗaya cikin uku ba tare da sayen waya ko taku ɗaya ba.

A layin babban birni hanyoyin sun fi a ƙirga, ko kwamfuta ba za ta gwada su ɗaya bayan ɗaya ba. Sai aka koya mata dabaru, wasunsu kuwa manomi zai gane su nan da nan. Ɗaya, wadda John Holland ya bayyana a Amurka a 1975, zaɓen iri ce. Kwamfuta ta ɗauki tsari ɗari, ta auna asarar kowanne, ta ware masu kyau kamar yadda muke ware manyan zangarniyoyi a ɗaure a rumbu, ta gauraya su ta fitar da sababbi, ta sake zaɓe, har sai amfanin ya daina ƙaruwa. Wata kuma, ta Marco Dorigo ɗan Italiya a 1992, daga tururuwa aka koyo ta. Kowace tururuwa tana barin ƙamshi a inda ta bi. Wadda ta sami gajeriyar hanya tana yin sawu da yawa, ƙamshin hanyarta ya fi ƙarfi, sauran su bi ta. Da irin waɗannan dabaru ake zaɓen inda za a sa kafasita, da makunnin da za a buɗe, da inda ya fi dacewa a haɗa tashar sola a kan layi don wuta ta fito kusa da masu shanta.

A ganinmu, dabarar ba ita ce ta yi mana ƙaranci ba. Jami'o'inmu suna yaye masu iya wannan lissafi kowace shekara. Abin da ya yi ƙaranci shi ne lambobin gaskiya da za a ba kwamfutar. A 2024 fiye da rabin masu shan wuta da ke cikin rajista a Nijeriya ba su da mita. Kwamfuta ba ta san ɗakin da aka jawo wa waya da tsakar dare ba, ba ta san injin waldan da aka haɗa ta bayan mita ba. In takarda ta ce gida 80 alhali 140 ne ke sha, taransfomar da lissafi ya zaɓa za ta ƙone, kuma waɗanda suke biya da gaskiya su ne za su fara yin karo-karo. A arewacin birnin Delhi na Indiya, lokacin da kamfanin Tata Power ya karɓi rarraba wuta a 2002, jimlar asara ta kai kashi 53 cikin 100. Kafin 2020 ta sauka ƙasa da kashi 10. Sun sa mitoci, sun rubuta kowane gida a taswira, sun canja wayoyi tsirara da masu rufi, sa'an nan lissafin ya sami abin tsayawa a kai.

Abin da kwamitin ƙauye zai iya yi

Kwamitin wuta zai iya zagawa gida gida ya rubuta fitilu, fankoki, firji da injuna, ya zana taswirar gari ko da a bayan kalanda ne, ya nuna inda nauyi ya taru da inda sababbin gidaje ke tasowa. Da wannan takarda za a zauna da injiniyan kamfani kafin a haƙa ramin falwaya ta farko. A tambaye shi dalilin wurin da ya zaɓa, da nisan gida na ƙarshe daga taransfoma, da lambar wayar da za a rataya, a kuma duba lambar a jikin wayar ranar da aka kawo ta. Ku sani kuma, NERC ta sha faɗa cewa sayen taransfoma da falwaya da gyaransu nauyin kamfanin rarraba wuta ne. Al'ummar da ta ga ba za ta iya jira ba, ta nemi yarjejeniya a rubuce kafin ta fitar da kuɗi.

A cikin gida, ƙwan LED mai wat 9 yana ba da haske kusan daidai da tsohon ƙwai mai wat 60. In gari duka ya canja, amfiyar yamma za ta sauka, asara kuma ta sauka fiye da haka, bisa ga abin da Joule ya gano.

Ƙauyukan da ke da ƙaramar tashar sola ta gari su ne wannan magana ta fi shafa, domin duk abin da ya ɓace a waya da dare daga batir ya fito, batir kuwa yana cikin kayan da suka fi tsada a tashar, yawan wahalar da shi kuma yana rage masa kwana. A irin wannan wuri yana da kyau masu niƙa da masu walda da mai kula da famfon ruwa su zauna da mai tashar su raba lokaci. Niƙa da cika tanki su koma tsakanin ƙarfe goma na safe da uku na rana, lokacin da rana ke bayarwa kai tsaye, kuma kada injuna biyu su tashi a minti ɗaya, gama inji yana jan amfiya ninki biyar ko fiye a lokacin tashi. Mun san wannan zai taɓa mata, waɗanda suka saba kai niƙa da yamma bayan an dawo daga gona. Saboda haka a sa wakilan zumuntar mata a zaman tun daga farko, su faɗi ranaku da sa'o'in da za su iya.